Sabon haɗin sautin kewaye na tsoffin kundayen rok: da me ake gane mai kyau?

Garba_Faifai:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambayata ga masu kunne ce. Yanzu kusan duk wani shahararren kundin rok na shekarun 1960 da 1970 sai an sake fito da shi a sautin kewaye, wani 5.1 (sifika biyar da wufa, wato sifikar bes), wani Dolby Atmos (mai ƙarawa har da sifikun sama). Ni a ganina mafi yawansu ba su kamo ƙafar na asali ba. Waƙar da aka gina don sifika biyu ce ake yayyagawa a watsa ta kusurwoyin ɗaki, jita a bayan ƙeya, 'yan amshi a gefe, sai ka ji makaɗan sun daina zama ƙungiya ɗaya, kowa yana nasa. Amma ina ganin wasu suna yabo har suna cewa sun bar sitiriyo, wato sautin sifika biyu, ke nan. To da me kuke aunawa? Ba amsar "ni dai ya yi mini daɗi" nake nema ba, dalili nake so.

DanZazzau74:
Wa alaikumus salam. Malam Garba, waɗanne ka saurara, kuma a kan wace na'ura? Sai mun san wannan tukuna.

Garba_Faifai:
Risiba ce ta gaske, wato na'urar da ke raba wa sifiku sauti, da sifiku biyar da wufa, ina kunna faifan ta na'urar da ke karanta faifai irin su SACD da Blu-ray. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne A Trick of the Tail na Genesis, wanda Nick Davis ya sake haɗawa aka fito da shi a 2007. Kafin a kai waƙa ta uku kunnena ya gaji. Kuge-kugen gangar Phil Collins suna yanka kunne, kuma babu inda sautin yake sassautawa ka huta.

Injiniya_Sani:
Yaya Garba, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba kai kaɗai ba ne, masu sauraro da yawa sun yi wannan ƙorafi a kan akwatin faifan Genesis da wannan kundi yake ciki tun fitowarsa. Amma lura da abin da ka lissafa: kaifi ya yi yawa, kuma sauti ba ya sassautawa. Ko ɗaya a cikinsu ba laifin kewaye ba ne. Ka saka sabon sitiriyon da ke cikin faifan nan, za ka ji ciwo iri ɗaya. Matse sauti aka yi, aka ɗago wuraren da ya kamata su yi ƙasa har suka kusa kamo masu ƙarfi, aka kuma ƙara kaifi a sama.

A aikinmu miksin daban, mastarin daban. A miksin ne ake yanke shawarar ina za a ajiye kowane kayan kiɗa da kuma yawan ƙarfinsa. Mastarin kuwa gogewar ƙarshe ce da ake yi wa dukan sautin a dunƙule. Mutum zai iya dafa miya ta yi daidai, wani ya zo a ƙarshe ya zuba mata gishiri. Misali a fili shi ne Aqualung na Jethro Tull. Steven Wilson ya sake haɗa shi aka fito da shi a 2011, amma wani ne ya yi mastarin. A 2016 aka sake fito da haɗin nan dai, wannan karon da hannun Wilson a kan mastarin ɗin. Haɗi ɗaya ne, amma wanda ya ji duka biyun zai gaya maka na baya ya fi laushi a kunne.

Saboda haka idan wani ya ce mini faifai kaza bai yi ba, tambayar farko da nake yi masa ita ce: wurin da aka ajiye kayan kiɗan ne bai yi maka ba, ko launin sautin? Yawancin lokaci na biyun ne.

Baba_Mai_Kwad:
Garba ɗana, akwai gyara a maganarka ta farko. Ba duka aka gina don sifika biyu ba. Mu da muka yi karatu a Ingila a shekarun 1970 mun ga zamanin kwad, wato sifika huɗu, biyu gaba biyu baya. Kamfanoni sun yi ta kokawa a kai: CBS da tsarin SQ, Sansui da QS, JVC da CD-4. Abin da ya kashe shi, kowane tsari da na'urarsa, ga tsada, kuma na'urorin SQ masu araha ba sa iya raba gaba da baya sosai, bambancin bai wuce desibel 3 ba. Ka sayi faifai ka zo gida, sai ka ji kusan abu ɗaya daga ko'ina.

Su Pink Floyd tun 1967 suke jujjuya sauti a zagayen 'yan kallo, a wasan da suka yi a zauren Queen Elizabeth da ke Landan. Agogunan nan da ke buɗe waƙar Time a The Dark Side of the Moon, injiniyan sautin kundin, Alan Parsons, ya ɗauke su ne tun farko don gwajin kwad, daga baya aka sa su cikin kundin. Shi kansa ya yi wa kundin haɗin sifika huɗu a wancan lokaci. To irin wannan kundi ba za ka ce an yi masa dole ba.

DanZazzau74:
Baba ya taɓo inda nake so. Wannan kundi ɗaya ya isa makaranta, domin yana da haɗin kewaye har uku: kwad na Parsons, 5.1 na James Guthrie da ya fito a SACD a 2003, sai Atmos na Guthrie ɗin dai a 2023. Na Parsons an saka shi cikin akwatin Immersion a 2011, don haka ana iya jin sa tsaf yanzu ba tare da matsalar da Baba ya ambata ba. Ni na Parsons ne nawa. Ba ya jin tsoron sifikun baya. Ƙarar kuɗin nan da ke farkon Money tana tsalle daga kusurwa zuwa kusurwa, ka san inda kowacce ta fito.

Ummi_Leeds:
Ni kuma na Guthrie. Na Parsons yana burge ni a On the Run, amma idan aka zo The Great Gig in the Sky ba na son hankalina ya rabu, so nake muryar Clare Torry ta tsaya a gabana, ɗakin ya cika a bayana. Guthrie ya riƙe nauyin kundin kamar yadda yake a sitiriyo, sannan ya faɗaɗa shi. Kuma bes ɗinsa ya fi cika.

DanZazzau74:
Anti Ummi, bes ɗin ya fi cika saboda yana da layin wufa, na Parsons kuwa sifika huɗu ne kawai, ba na tsakiya ba na wufa. Idan risibarki tana kwashe ƙananan sauti daga sifikun ta tura wa wufa, tazarar za ta ragu sosai.

Ummi_Leeds:
Haka nake saita ta, kuma har yanzu na Guthrie ya fi zauna mini. Ba ƙarfin bes kaɗai nake nufi ba, yadda ganga da bes suke manne da juna nake nufi.

Garba_Faifai:
Baba, na karɓi maganar Dark Side, shi dama ɗan gidan kewaye ne. Amma kundi nawa ne irinsa? Ku duba Pet Sounds na Beach Boys. Jagoransu Brian Wilson da kunne ɗaya yake ji sosai a lokacin, a mono, wato layin sauti ɗaya tak, ya haɗa shi a 1966, kuma da gangan yake cusa kayan kiɗa cikin juna har su zama wani sabon sauti da ba za ka iya rarrabewa ba. A 2003 aka fito da shi a 5.1. Duk yadda aikin ya kai da tsafta, an warware abin da mai shi ya ƙulla da hannunsa. Wannan shi ne ainihin ƙorafina, ba kaifi kaɗai ba kamar yadda Injiniya ya ɗauka.

Hajiya_Bilki:
Malam Garba yana da hujja a nan, kuma ina ganin ita ce zuciyar maganar. Akwai kiɗan da ƙarfinsa a dunƙulewa yake, akwai wanda ƙarfinsa a yalwa yake. Kundin da aka cika da goge-goge, fiyano, 'yan amshi da sassa masu hawa-hawa, sifika biyu sun yi masa kaɗan tun asali, injiniyan wancan zamani dole ya danne wani abu don wani ya fito. Ku saurari aikin Greg Penny a kan Elton John, musamman Madman Across the Water da Goodbye Yellow Brick Road. A Tiny Dancer goge-gogen da Paul Buckmaster ya tsara suna samun wurin zama, amma muryar Elton da fiyanonsa ba su gusa daga gaba ba. Na jima ina jin waƙar nan, amma a nan na fara jin yadda kowane sashe yake shigowa a kan lokacinsa.

Amma ƙungiyar mutum huɗu masu jita da ganga da suke bugawa da zafi a ɗaki ɗaya, idan ka raba su ka rage musu ƙarfi. Ni ma'aunina ke nan: bayan minti biyu, waƙar nake bi ko sifikun nake bi? Idan har ina ta waiwaye ina neman inda abu ya fito, mai haɗin ya shiga tsakanina da mawaƙin.

Bello_Sakkwato:
Hajiya wanga ma'auni naki ya yi. Sai dai ni waiwayen nan shi nika so a wasu kundaye. Close to the Edge na Yes da Steven Wilson ya haɗa a 2013, in ba a kewaye ka da shi ba ai an yi hasara.

Abba_Kurna:
Salam manya. Ni sabo ne a nan, ku yi haƙuri da tambayata. Ina da hom tiyata mai ƙananan sifiku biyar da wufa, na haɗa da wayata ta Bluetooth, kuma duka sifikun suna magana. Shin abin da kuke zance a kai ke nan? Domin ni ban ji wani abu yana zagayawa ba, ƙara kawai ta ƙaru.

Injiniya_Sani:
Barka da zuwa ƙanena. A'a, ba shi ba ne. Bluetooth layi biyu kawai yake ɗauka, hagu da dama. Na'urarka ce take kwafar waɗannan biyun ta raba wa sauran sifikun, ko kuma ta yi amfani da dabara irin ta Dolby Pro Logic II ta ƙirƙiro na baya. Haɗin kewaye na gaske kuwa, mutum ne ya koma kan tef ɗin asali mai layi 8 ko 16 ko 24, inda murya take layinta, bes nasa, kowace jita nata, ya zauna ya tsara wa kowace sifika abin da za ta faɗa. Don ka ji shi sai ka sami faifan DVD ko Blu-ray ko SACD, ko akwatin talabijin mai Apple Music ko Tidal, ka haɗa da wayar HDMI zuwa risibar da ta san yaren.

Haka nan waɗannan da ake sakawa a intanet ana rubuta 8D, ba su da alaƙa da wannan. Sitiriyo ne aka sa wa manhaja tana kai shi hagu tana dawo da shi dama.

Abba_Kurna:
Na gode Yaya. Idan na sami na'urar DVD mai HDMI, sifikun nawa za su wadatar?

Injiniya_Sani:
Za ka ji inda kowane abu yake, amma ba za ka iya yanke hukunci kan ingancin sauti da su ba. Waɗannan ƙananan sifikun don fim aka yi su, inda na baya ke ɗaukar ƙarar ruwan sama ko wucewar mota. A waƙa kuwa ana iya ajiye cikakkiyar jita ko fiyano a baya, sifika mai girman tafin hannu ba za ta iya fitar da jikinsu ba. Duk abin da ya yi ƙasa sai ya tafi wufa, har da gindin muryar namiji, sai ka ji murya ta rabu biyu. Manyan sifiku ana yanke su a wajen 80 Hz, inda kunne ba ya gane daga ina sautin yake fitowa. Ƙananan nan sai an kai sama da haka sosai.

Mai_Gyaran_Amfi:
In ƙara a kan na Injiniya. Gidajen da nake zuwa saiti, kusan duka sifiku biyar ɗin a jere suke a kan teburin talabijin, ko kuma na bayan an rataye su can kusa da silin. Ƙa'idar ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ita ce: ta tsakiya a gabanka sak, hagu da dama digiri 30 kowacce, na baya wajen digiri 110, wato gefe da ɗan baya kaɗan, ba bayan ƙeya ba. Duka a tsayin kunne in kana zaune, kuma ka shigar wa risiba nisan kowacce.

Sannan ɗakunanmu. Tayil a ƙasa, siminti a bango, silin na roba ko filasta, ba labule mai kauri. Sauti yana ta dukan bango yana dawowa, sifiku biyar kuma sun fi biyu tayar da wannan. Shimfiɗa babbar darduma kawai tana canza abu da yawa. Ga fanka, ga janareto idan an ɗauke wuta. Wuraren da waƙa take yin ƙasa-ƙasa, inda ake gane haɗi mai kyau, duk ƙarar nan ta cinye su. Ni da dare nake saurare, a kan inbata, fanka a kashe ko da ana zafi.

Issa_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan samun faifan nan sai an aiko daga Faransa ko Dubai, kuma akwatin guda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ni ta Apple Music nake ji da abin kunne, tun da suka kawo Atmos a 2021. Abbey Road na Beatles ya yi mini kyau, amma wasu kundayen sai in ji murya ta yi nisa kamar mawaƙin yana wani ɗaki, ganga kuma ta rasa duka. Laifin haɗin ne ko na abin kunnen?

DanZazzau74:
Malam Issa, zai iya zama ko wanne, shi ya sa ba na yarda a yanke wa haɗi hukunci da abin kunne kaɗai. Kunnuwa biyu, sifika biyu, sai manhaja ta kwaikwayi yadda kai da fatar kunne suke lanƙwasa sauti don ƙwaƙwalwa ta zaci daga baya ko sama ya zo. Kunnen kowa daban ne, wani dabarar ta kama shi, wani ba ta kama shi ba. Kuma Atmos na intanet an matse shi ne a 768 kbps, na Blu-ray kuwa Dolby TrueHD ne, ba a zubar da komai ba.

Akwai kuma abu ɗaya da yake ruɗin mutane. Atmos yawanci ya fi sitiriyo yin ƙasa a ƙara, domin akwai iyakar da aka sa masa, sitiriyon zamani kuwa an tura shi har ƙarshe. In ka sauya daga wannan zuwa wancan ba ka daidaita ƙara ba, mai ƙarfin ne zai yi nasara kullum.

Ummi_Leeds:
Tunda an ambaci Beatles, ina so in mayar da mu kan maganar Malam Garba ta warware abin da mai shi ya ƙulla. Sgt. Pepper na 1967 a kan tef mai layi huɗu aka yi shi. In layukan sun cika sai a juye su kan wani tef a matsayin layi ɗaya ko biyu, a ci gaba da ƙari. Kowace juyewa tana rage tsafta. Da Giles Martin da Sam Okell suka zo yin na 2017, sun koma kan tef-tef ɗin farko kafin juyewar, suka daidaita su. Kuma mono suka bi a matsayin jagora, domin shi ne Beatles ɗin suka zauna a kansa, sitiriyon an yi shi ne cikin sauri. Har saurin She's Leaving Home na mono suka bi. To a nan wanne ne na asali? Sitiriyon da yawancinmu muka tashi da shi ba shi ne zaɓin mawaƙan ba.

Garba_Faifai:
Anti Ummi, wannan hujja ce a kan sitiriyon 1967, ba hujja ce ta goyon bayan 5.1 ba. In mono ne zaɓinsu, a ba ni mono. Kuma me za ki ce game da sabon haɗin kundinsu Revolver na 2022? A can ganga da bes da jita suna kan layi ɗaya, babu tef ɗin da za a koma. Sai da aka kawo manhajar kamfanin Peter Jackson, wadda aka yi amfani da ita a Get Back, shirin fim a kan Beatles, ta rarraba su. Wannan ba tono abin da ke cikin tef ba ne, kwamfuta ce take hasashen yadda kowane kayan kiɗa zai kasance in shi kaɗai ne.

Injiniya_Sani:
Ina tare da kai rabi. Rarrabawar kwamfuta tana barin tabo, kuma wurin da ake kama ta shi ne kuge da wutsiyar eko, sai ka ji suna ɗan rawa kamar ana magana cikin ruwa. A Revolver aikin ya yi tsafta ƙwarai, ban kama irin wannan a Taxman ba. Abin da nake tsoro shi ne na ƙasa da su, waɗanda za su ɗauki sitiriyo kawai su wuce da shi ta manhaja mai araha su kira shi Atmos.

Gwajin da nake yi, kowa zai iya. Ka kashe sifikun gaba ka saurari na baya kaɗai. Idan ka ji cikakken kayan kiɗa a tsaye da kansa, ko eko mai tsafta, an yi aikin daga tef mai layuka. Idan ka ji wata inuwar waƙar gaba ɗaya, siririya, murya tana leƙowa tana ɓacewa, to daga sitiriyo aka tatso. Sannan ka saurari ta tsakiya ita kaɗai. Wasu suna zuba murya a nan tsirara ba eko, wasu kusan ba sa amfani da ita, suna barin hagu da dama su tsayar da muryar a tsakiya. Duka biyun ana yi, amma in aka jibga murya a tsakiya kaɗai kuma sifikarka ta tsakiya ba ta kai sauran ba, waƙar ta mutu a gidanka ko da haɗin lafiya yake.

Na ƙarshe, ka san tsohon haɗin sosai kafin ka zauna. Tef mai layuka ba ya ɗauke da duk abin da ke cikin faifan da ka sani. Eko da yawa, da ɗaga murya a wani baiti, da shigowar jita a daidai wani bugu, a ranar miksin aka yi su da hannu. Mai sabon haɗi dole ya sake gina su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa ake girmama Steven Wilson ke nan: yakan fara sake gina sitiriyon asali har ya yi daidai da tsohon, sannan ya buɗe shi zuwa kewaye.

Baba_Mai_Kwad:
Kuma wani lokaci mai kiɗan ne da kansa yake shaida. Robert Fripp, jagoran King Crimson, ya daɗe ba ya son Lizard, kundinsu na 1970. Bayan Wilson ya sake haɗa shi a 2009, Fripp ya fito ya ce ra'ayinsa a kan kundin ya canza. Garba, in mai abu ya ce sabon ya fi kusa da abin da yake nufi, ina matsayin hujjarka?

Garba_Faifai:
Baba, da girmamawa, Fripp na 2009 ba shi ne na 1970 ba. Shekara kusan 40 ta wuce, kunne ya canza, ra'ayi ya canza. Ina karɓar shaidarsa a matsayin ta mai sauraro da ya fi kowa sanin kiɗan, amma kundin da ya shiga rayuwar mutane shi ne na farkon. Abin da nake roƙo kawai kada sabon ya kori tsohon. Akwatunan Wilson suna saka haɗin asali a ciki, wannan na yaba. A intanet kuwa sau da yawa sabon ne ake turo maka a gaba, yaro mai tasowa bai ma san akwai wani ba.

Hajiya_Bilki:
Wannan roƙo ba wanda zai ƙi shi.

Bello_Sakkwato:
Ina tambaya, mi ya hana a yi ma kundin Aja na Steely Dan haɗin kewaye? Kundinsu Gaucho na da shi, Elliot Scheiner ya yi, kuma yana cikin mafi kyau da na taɓa ji, shi da Hotel California na Eagles.

DanZazzau74:
Tef-tef masu layuka na waƙoƙi biyu, Black Cow da ita Aja ɗin kanta, sun ɓace, su Becker da Fagen, masu ƙungiyar, da kansu suka sanar suna nema. Ba tef, ba haɗi. Ka tuna kuma gobarar da ta ci rumbun ajiyar Universal a Amurka a 2008. Waɗanda suka tsira ma, wasu na shekarun 1970 irin Ampex 456 suna yin danƙo, sai an gasa su a ƙaramin zafi kafin su yarda a juye su zuwa kwamfuta. Shi ya sa wani lokaci a kundi ɗaya za ka ji waƙa takwas sun buɗe sosai, ɗaya kuma ta tsuke. Ka duba ɗan littafin da ke cikin akwatin, masu gaskiya suna rubuta cewa wannan daga sitiriyo aka faɗaɗa ta.

Sadiya_Studio:
Ina bin ku tun farko. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk wannan muhawara ta yiwu ne domin wani ya adana tef shekara 50. Tsoffin waƙoƙinmu da aka ɗauka a gidajen rediyo, yawanci kai tsaye aka zuba su kan layi ɗaya ko biyu, babu abin da za a rarraba. Na yanzu kuma da muke yi a kwamfuta da layuka masu yawa, mutum nawa ne suke ajiye fayilolin bayan an miƙa wa mai waƙa? Ni na fara ajiye kowane layi daban a faifai biyu.

Game da tambayar Malam Garba, ni ina ƙara gwaji ɗaya a kan na Injiniya: ka tashi daga kujerar tsakiya ka koma gefe. Haɗi mai kyau yana jure wannan. In da ka gusa kaɗan sai jitar baya ta rufe murya, an cika wa na baya ƙarfi.

Ummi_Leeds:
Malam Garba, kafin ka rufe ƙofa ka nemi Avalon na Roxy Music, SACD na 2003. Bob Clearmountain ne ya haɗa na asali a 1982, shi ne kuma ya yi na kewayen, don haka maganar baƙon hannu ba ta taso ba. Sai Brothers in Arms na Dire Straits da Chuck Ainlay ya yi a 2005, wanda ya ci Grammy a rukunin sautin kewaye.

Garba_Faifai:
Ina da Avalon, kuma ba na musun kyansa. Amma ki lura, kiɗa ne mai yalwa da eko tun asali, irin wanda Hajiya ta ce sifika biyu sun yi masa kaɗan. Har yanzu ba wanda ya kawo mini kundin rok mai zafi, na jita da ganga zalla, da kewaye ya ƙara masa ƙarfi.

DanZazzau74:
Red na King Crimson. Mutum uku ne ginshiƙinsa, kuma nauyinsa bai ragu ba ko kaɗan. Sai Who's Next na The Who da Steven Wilson ya yi a 2023, ka saurari Won't Get Fooled Again, ogan yana zagaye amma gangar Keith Moon da bes ɗin John Entwistle suna nan a dunƙule a gaba.

Mai_Gyaran_Amfi:
A Red ni ban yarda ba, sitiriyon ya fi duka a ƙirji. Who's Next ban samu ba tukuna. Wanda ke cikin babban akwatin ne kawai, ko an fitar da Blu-ray ɗin shi kaɗai?

DanZazzau74:
Nawa na cikin akwatin ne. Blu-ray ɗin yana ɗauke da Atmos da 5.1 da sabon sitiriyo, don haka risibarka ko ba ta da sifikun sama za ta kunna 5.1 ɗin. In za ka gwada shi da tsohon faifan, ka fara daidaita ƙarar da manhajar auna sauti ta waya, ka ajiye ta daidai inda kanka yake zama.

Abba_Kurna:
Yaya Injiniya, in zan fara canza sifiku a hankali, wacce zan fara saya, ta tsakiya ko na gaba biyun?

Injiniya_Sani:
Na gaba biyun. Ka saita risibar a kan cewa ba ka da ta tsakiya, za ta raba muryar tsakanin hagu da dama. In ka tashi sayen na baya, ka nemi irin na gaban ko 'yan gidansu, don kada launin jita ya canza idan ta ƙetara daga gaba zuwa baya.